Yadda ake nema wa ginin bariki takardar shaidar tsimin wuta da ruwa: jagora ga ƴan kwangila da injiniyoyin Maradi

Watanni ke nan ƴan kwangila da matasan injiniyoyi na garin nan suna tare ni da tambaya guda: in aka ba mutum aikin gini a barikin soja, aka ce ana so ginin ya samu takardar shaida irin su EDGE ko HQE ko LEED, ta ina zai fara? Da yawa sun ɗauka sai an gama gini an yi fenti sannan a kira wani ya zo ya duba ya buga hatimi. Wanda ya bi ta wannan hanya zai kashe kuɗi ya tashi hannu wofi. Rabin aikin yana kan takardar zane tun ba a haƙa tushe ba, sauran rabin kuma hujjoji ne da ake tarawa a shantiye kafin filasta ta rufe su. Ga yadda ake bi.

1. Ware gine-ginen da za a nema wa takarda, ka karɓi izini a rubuce

Ba kowane gini na bariki ake kaiwa gaban masu tantancewa ba. Waɗanda suka dace su ne ɗakunan kwanan sojoji, gidajen masu iyali, asibitin bariki, makarantar yara, ɗakin cin abinci da ofisoshin gudanarwa. Ma'ajiyar makamai, ɗakin sadarwa, hasumiyar gadi da katanga, cire su tun farko.

Dalili shi ne, neman takardar yana nufin za ka ɗora zanen ginin da hotunansa a intanet, wasu mutane a ƙasar waje su duba, daga baya kuma baƙo ya shigo bariki da idonsa. Don haka kafin ka buɗe kwamfuta, rubuta wa hukumar da ta ba da aikin wasiƙa, ka zayyana abin da zai fita: zanen kowane gini shi kaɗai, ba taswirar bariki gaba ɗaya ba, hotunan kayan gini, sunan baƙon da zai zo da ranar zuwansa.

Hattara: izinin baki ba izini ba ne. Hafsan da ya ce maka "ba komai, ci gaba" ana iya yi masa canjin wurin aiki kafin ka kai linta, wanda ya gaje shi kuma takarda zai tambaya.

2. Zaɓi tsarin da za ka bi

Fara da karanta takardar sharuɗɗan kwangila. In ta ambaci tsari da sunansa, zance ya ƙare. In ta bar maka zaɓi, ga abin da ke gabanka.

LEED na Amurka ne, da maki ake auna shi: 40 zuwa 49 matakin farko, 50 zuwa 59 Azurfa, 60 zuwa 79 Zinariya, 80 zuwa sama Filatinam. Rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta daɗe tana ɗora wa sababbin gine-ginenta sharaɗin matakin Azurfa, shi ya sa sunansa ke yawan fitowa in ana zancen ginin soja. Amma yana da nauyi: yawanci sai an yi lissafin wuta da kwamfuta bisa ma'aunin Amurka, sai an ɗauko ƙwararre na dabam ya gwada na'urori, kuma a ƙa'idar LEED v4 mai gini yana alkawarin miƙa bayanan wuta da ruwan da ginin ke ci har shekara 5. Wannan sharaɗi na ƙarshe, sanar da hukumar soja shi tun kafin ta sa hannu.

Ma'aikatar tsaron Birtaniya tana da nata tsarin mai suna DREAM, wanda aka tsara domin gine-ginenta, ga kuma BREEAM na farar hula. HQE na Faransa ne, kuma injiniyoyinmu da suka yi karatu da Faransanci ba sa shan wahalar takardunsa.

Ni dai shawarata ga aikin Maradi ita ce EDGE, wanda hukumar IFC ta rukunin Bankin Duniya ta ƙirƙira domin ƙasashe irin namu. Abu uku kawai yake tambaya: ginin ya rage cin wuta da kashi 20 cikin 100, ya rage shan ruwa da kashi 20, kayan da aka gina shi da su ma su rage da kashi 20 a nauyin hayaƙin da aka fitar wajen sarrafa su, duk in an gwada da ginin da aka saba yi a wurin. Wanda ya kai kashi 40 a wuta yana samun EDGE Advanced. Manhajar lissafinsa kyauta ce a intanet. Sauran matakan nan a kan EDGE na gina su, amma tsarin aikin bai da nisa da na sauran.

Hattara: takardar shaida ba ta maye gurbin dokar ƙasa. In aikin yana cikin waɗanda ke buƙatar binciken muhalli, hanyar BNEE, hukumar ƙasa mai kula da binciken muhalli, tana nan daram. Akwai kuma umarnin 2020 na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da Sefa, kan tsimin makamashi a gine-gine, injiniyan aikin ya karanta shi.

3. Haɗa mutane, ka sa kuɗinsu a cikin farashi

Mutum uku za ka nema: mai zanen gini, ƙwararren EDGE da zai riƙe lissafi da dosiye, da odita mai lasisi da zai bincika. Ƙwararren naka ne, kai yake wa aiki. Odita kuwa dole ya zama ba shi da hannu a zane ko a gini, mutum ɗaya ba ya riƙe kujerun biyu a aiki guda. Na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, yaro ne mai natsuwa a shantiye wanda aikinsa tara rasit da ɗaukar hoto.

Kuɗin da za ka tanada kashi biyar ne: rajista, kuɗin takardar da ake lissafawa da faɗin gini ko yawan gidaje, ladan odita, ladan ƙwararre, sai ƙarin tsadar kaya masu inganci. Rajistar EDGE ƴan ɗaruruwan dalar Amurka ce, ta LEED ta haura dubu. Ka lura dalar Amurka na ce, ba dalarmu ta kasuwa ba, kuma Sefa da Yuro take ɗaure, don haka farashin dalar yana motsi tsakanin ranar da ka yi lissafi da ranar da banki zai tura. Bar rara. Haka nan odita in daga Yamai zai taso, tafiyar sama da kilomita 600 ce, in daga wata ƙasa ne har da jirgi da masauki.

Hattara: duk wannan ya shiga farashinka tun wajen neman aikin. Bayan an sa hannu a kwangilar gwamnati, neman ƙari doguwar hanya ce, sau da yawa daga ribarka zai fita.

4. Shigar da ginin a manhaja tun zane yana ɗanye

Buɗe asusu a manhajar EDGE, zaɓi irin ginin, ka zuba faɗinsa, hawa nawa, mutum nawa za su zauna, awa nawa ake amfani da shi a rana. Duba bayanan yanayin da manhajar ta ɗora su dace da Maradi. Daga nan za ta nuna maka ma'auni uku, na wuta, na ruwa, na kaya. Duk dabarar da ka zaɓa, ma'aunin zai motsa nan take.

Kada ka tsaya a kan 20 cif. Nemi 25 ko fiye a kowane ɓangare, domin a shantiye wani abu zai canza, kuma odita zai iya soke dabara ɗaya in hujjarta ba ta cika ba.

Hattara: wasu suna cewa ai ba za a sa na'urar sanyaya ɗaki ba, don haka wuta ta ragu da kanta. Manhajar ta san wannan. In gini zai yi zafi, tana lissafa wutar da za a ci ranar da aka gaji aka sa na'urar, ta ɗora maka. Kuma gaskiyarta ne, duk mun san abin da ke faruwa da ɗakin kwano a watan Afrilu.

5. Yaƙi zafi a kan zane

Nan ne aikin yake, nan kuma kuɗi ya fi yin amfani. A Afrilu da Mayu zafin Maradi yana haura digiri 40, kuma wutar yankinmu ta layin Katsina take zuwa. Kowa ya ga abin da ya faru lokacin da aka yanke ta a Agusta 2023, ba ta dawo ba sai Maris 2024. Ɗakin kwanan da ba a iya barci cikinsa sai da na'ura, ranar da wuta ta ɗauke ya koma kan janareta da gazuwal, sojan da ya kwana yana juyi kuma shi ne zai tsaya gadi da safe.

Fara da fuskar gini. Tsawonsa ya miƙe daga gabas zuwa yamma, dogayen bangaye su kalli kudu da arewa. Bangon yamma shi ne maƙiyi, ranar la'asar a kansa take ƙarewa: sa masa banɗaki, ma'aji ko matakala, ka rage masa taga. Kuskuren da masu kwafo zanen Turai suke yi shi ne barin arewa ba inuwa. Maradi tana wajen digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa take ratsawa da tsakar rana. Saboda haka baranda ko bakin rufi ya fito ta ɓangarorin biyu.

Sai rufi, wanda ta nan mafi yawan zafi ke shigowa. Kwano mai farin fenti, a ƙarƙashinsa sarari da iska ke ratsawa, sannan abin tare zafi mai kaurin santimita 5 ko fiye a kan silin. In dakali aka zuba, a yi masa rumfar kwano a sama da tazara, rufi biyu ke nan. Ramukan da iska ke shiga a sa musu raga, in ba haka ba jemagu da tantabaru sun samu gida. A ɗaure rufin da ƙarfe cikin kankare sosai, iskar farkon damina ba ta wasa da rufi mai faɗin baki.

Taga kuwa, a nan buƙatar soja da ta tsimi sun haɗu: ba a son gilashi mai yawa. Matsakaitan tagogi masu fuskantar juna, kudu da arewa, da ragar sauro, da ƙananan kafofi can sama kusa da silin don iska mai zafi ta fita. Bango mai kauri yana riƙe zafin rana ya sake shi da dare, in ba a ba iskar dare hanyar wucewa ba, ɗakin zai fi waje zafi da ƙarfe goma sha biyu.

Bayan wannan ne ake zancen na'urori: fankar sama, fitilun LED, na'urar sanyaya ɗaki mai inbata a inda ta zama dole kamar ɗakin magani. Lissafin fitila mai sauƙi ne: doguwar fitila mai wat 36 in aka maye ta da LED mai wat 18, guda 100 masu ci awa 10, an rage kilowat-awa 18 kowace rana. Allunan sola su zo a ƙarshe, suna kallon kudu da ɗan karkata wajen digiri 15, a wurin da mutum zai iya hawa ya share ƙura.

Hattara: kada ka dogara da sola wajen cike gurbin zane mara kyau. Manhajar za ta ba ka makin, amma batir yana mutuwa, inuwa ba ta mutuwa. Zancen itatuwa kuma, dogon yaro ko gawo, tambayi hukumar bariki inda aka yarda a dasa, domin kusa da katanga suna tare wa mai gadi gani. Nisanta su da tushe saboda saiwa.

6. Ruwa

Wannan ne ɓangare mafi sauƙi, kuma shi aka fi faɗuwa a kansa saboda sakaci. Ɗauki ɗakin kwana mai soja 120, kowa na wanka sau biyu, minti biyar-biyar. Shawa mai zubar da lita 10 a minti za ta ci lita 12,000 a rana, mai lita 6 kuma 7,200. Bambancin lita 4,800 ne, tano 24 kullum. Famfunan alwala da na wanke hannu a sa masu taƙaita ruwa ko masu rufe kansu. Ruwan alwala a ja shi da bututu zuwa gindin itatuwa. Kowane gini da mitarsa.

Ruwan sama ma ana lissafa shi. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, rufi mai murabba'in mita 400 a daminar milimita 500 zai zubo lita 200,000 kafin a cire asara. A yi wa tankin hanyar zubar da ruwan farko mai ƙura, a kuma yi wa ambaliyarsa magudana nesa da tushe. Ruwan ƙarshen Agusta 2024 ya nuna wa garin nan abin da rashin magudana ke jawowa.

Hattara: in shato ne ke ba bariki ruwa ba tare da famfon turawa ba, ƙarfin ruwan kaɗan ne, wasu kawunan shawa masu tsimi sai su riƙa ɗiga. Ranar da suka gaji, sojoji za su kwance su. Sayi ɗaya ka gwada a wurin kafin ka yi odar ɗari.

7. Kayan gini

Siminti da ƙarfe ne ke ɗaga ma'auni na uku. Hanyar rage su ita ce bulon ƙasa da ake matsawa da inji, da ɗan siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100, ko dakali mai bulo a ciki maimakon zubin kankare zalla. Sai dai ƙasar tudun Maradi rairayi ya yi mata yawa, ta fadamar Gulbi kuma laka ce mai tsagewa in ta bushe. Kai samfur LNTP/B, ɗakin gwajin kayan gini na gwamnati, a faɗa maka gaurayen da ya dace. Bulon ya yi sati huɗu a rufe da leda yana shan danshi kafin a ɗora shi. A ɗaga tushe sama da ƙasa, bangon gabas kuma a ba shi kariya ta musamman, ta nan hadari ke dukan gini.

Hattara: duk bangon da aka ce na kariya ne daga harbi, ƙa'idar injiniyoyin soja ake bi, ba ta manhaja ba. Kada ka rage masa kauri don neman maki.

8. Rajista da takardar farko

In ma'aunan uku sun tsaya, yi rajistar aikin, ka biya, ka ɗora zanuka da lissafi da takardun bayanin kowane kaya. Odita zai duba ya dawo da tambayoyi, ka amsa, ya tura wa hukumar da ke ba da takarda. Abin da za ka samu takardar farko ce ta matakin zane. Tana da wa'adi, kuma ba ita ce ta ƙarshe ba. Kafin ka ɗora kowane fayil, hafsan da aka wakilta ya gani ya sa hannu.

Daga nan ka kwafe duk abin da ka yi alkawari, kaurin abin tare zafi, litar shawa, wat na fitila, launin kwano, ka sa su cikin yarjejeniyarka da mai aikin famfo, mai wayarin da mai rufi. Abin da ba a rubuta musu ba, abin da suka saba za su sa.

9. Tara hujja a shantiye

Ga kowace dabara, abu uku ake nema: takardar bayanin kayan daga masana'anta, rasit ko takardar isar da kaya mai nuna samfuri da adadi, da hoto mai kwanan wata yana nuna kayan a jikin ginin. Buɗe fayil ɗaya ga kowace dabara tun ranar farko.

Hoton abin da za a rufe shi ne mafi muhimmanci. Abin tare zafi a ɗauke shi da tef ɗin awo a jikinsa kafin a buga silin. Bulo a ɗauke shi kafin filasta. Lambar da ke jikin na'ura a ɗauke ta kusa yadda za a iya karantawa. A wani shantiye da na kula da shi, mai silin ya yi aikin dare don ya cim ma wa'adi, da safe na tarar an rufe ɗakuna shida ba hoto ko ɗaya. Sai da muka ɓalle silin a kowane ɗaki, a biyu daga ciki ma muka tarar ba a shimfiɗa komai a kusurwa ba. Tun ranar na kafa doka: ba a rufe komai sai na sa hannu a takarda.

A bariki ba kowa ke ɗaukar hoto ba, wani wurin ma waya ba ta shiga. Nemi a amince da kyamara ɗaya da mutum ɗaya, hotunan su tsaya kan kayan kawai, kada katanga, mota ko fuskar soja su fito a baya.

Matsala ta biyu kasuwa ce. Yawancin kayan famfo da fitilu da ke shigowa ta Ɗan Isa ko ake samu a babbar kasuwa ba su da takardar masana'anta, abin da aka rubuta a kwali kuma ba kullum yake daidai da na ciki ba. Fitila a gwada ta da ƙaramar mitar wat. Famfo a gwada shi da bokiti mai awo da agogon waya, minti ɗaya cif. Kayan da ba su da takarda, ko sun fi araha, bar su.

Hattara: in dole ta sa a canza wani kaya, koma manhaja ka gwada sabon kafin a saya. Canjin kan shawa kaɗai yana iya mai da kai ƙasa da 20. Kuma riƙe kason ƙarshe na kuɗin kowane ƙaramin ɗan kwangila har sai ya kawo takardunsa, domin bayan ya karɓi kuɗi ya koma wani aiki a Tasawa ko Dakoro, samunsa sai an sha wuya.

10. Zuwan odita da miƙa gini

Gyara lissafin manhaja ya dace da abin da aka gina a zahiri, ba abin da aka zana ba, sannan ka kira odita. Tura sunansa da takardun shaidarsa ga hukumar bariki da wuri, a samu wanda zai raka shi. Ranar zuwansa a tabbata akwai ruwa a shato da wuta a layi, ga tsani, ga makullan dukan ɗakuna, domin zai buɗe famfo ya auna, zai ƙirga fitilu, zai leƙa saman silin. Kwana biyu kafin nan ka zagaya da bokitinka ka yi duk gwajin da kanka.

Yi ƙoƙari ziyarar ta zo kafin karɓar wucin gadi, wato karɓar farko da hukuma ke yi wa gini, ko daf da ita, ma'aikatanka suna nan, sojoji ba su tare ba. Da zarar an tare, shiga ɗakunan kwana sai da sabon izini, kuma za ka tarar an riga an sauya wasu kaya. In odita ya sami gyara, a yi a ɗauki hoto a tura masa, shi kuma ya miƙa rahotonsa a fitar da takardar ƙarshe.

Wajen miƙa makullai, haɗa wa sashen kula da gine-ginen bariki kwafin dosiyen, da ragowar kawunan shawa da fitilu irin waɗanda aka sa, da takarda shafi ɗaya da Hausa da Faransanci a manna a ƙofar ma'aji: a karanta mitar wuta da ta ruwa ranar ɗaya ga kowane wata, a share allunan sola duk sati a lokacin hunturu da sassafe kafin su yi zafi, a wanke rufi da magudana a watan Mayu kafin ruwan farko.